Babban lauya ko matashin lauya, a kan batiran sola da suka mutu

Ɗan'uwa, a kan batiran solar nan naka da suka mutu cikin sati shida mai shago ya ce ba ruwansa, tsakanin ofishin babban lauya da matashin da aka haɗa ka da shi, ni dai matashin zan ce ka ɗauka, matuƙar mai zuwa kotun majistare ne kullum.

Na taɓa bin duka biyun. Firiza na sayo wa uwargida tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo, wata ɗaya kacal ta daina sanyi, a tsakiyar zafi, ranar sai da muka zubar da zoɓo bokiti biyu tana kuka. Na fara zuwa wani babban ofis, na biya kuɗin ganin lauya, na wuni a kujera ban ga shi ogan ba, ƙarshe aka yanko min kuɗin buɗe fayil da ya kusa rabin kuɗin firizar. Sun iya aiki, amma na filaye da kamfanoni.

Sai wani abokina ya kai ni wajen wata barista, yarinya ce ma, ofishinta ɗaki ɗaya a saman bene da fanka ɗaya. Wallahi ba ta yi min maganar kuɗi ba sai da ta baje rasit da katin garanti da alat ɗin banki a kan tebur, ta karɓi wayata ta karanta hirarmu da mai shagon a WhatsApp tun daga farko har inda ya ce "lafiyarta lau, in ta ba da matsala ka dawo da ita", ta ce in ɗauki hoton wurin nan yanzu-yanzu kafin ya goge. Ita ta nuna min dokar 2018 da ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, cewa kaya in sun zo da aibi kana da ikon mayarwa cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a ba ka kuɗinka. Ta rubuta masa wasiƙar gargaɗi shafi ɗaya, ta ba shi sati biyu, ta ce in ya ƙi sai kotun ƙananan basussuka, wadda aka buɗe a Kano a 2019, ana son a gama shari'a cikin kwana 60 kuma ko ba lauya za ka iya tsayawa da kanka. Kwana tara mutumin da ya daina ɗaga wayata ya kira yana cewa Alhaji don Allah a zo a zauna. Sabuwar firiza a kurkura aka kawo min har ƙofar gida.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: kar ka yarda ka ba mai shago asalin rasit wai zai duba, ba shi kwafi. Kuma in ya ce ka kawo a kai wa mai gyaransu, jan ka yake har wata ukun ya wuce, in za ka bayar ya rubuta ya sa hannu da kwanan wata. Wannan tambarin na "ba a canji ba a mayar da kuɗi" da suke bugawa bai fi ƙarfin doka ba. Haka masu kwat ɗin da ke tare mutane a bakin kotu, ba dukkansu ne lauyoyi ba, lauyan gaskiya za ka ga hatimin NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, da sunansa da lambarsa a kan takardarsa, kuma duk sisin da ka ba shi ka karɓi rasit.

Ku yanke kuɗin wasiƙar daban, na kotu daban, a rubuce. Ka shigar da ƙorafi a FCCPC ma, kyauta ne. Sati shida sun riga sun tafi, ka sami matashin lauyan cikin satin nan.