ABB ACS580: na'urar da ke rage cin wutar fanka da famfo a masana'anta

Tun daga Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a kullum, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke Kano suka fara duba kowane moto da idon mai lissafi. A cikin kayan da ake tallata musu don rage asara akwai ACS580 ta kamfanin ABB, wadda masu aikin lantarki suke kira inbata, kuma aikinta shi ne rage ko ƙara gudun moto gwargwadon bukatar aiki.

Amfaninta ya fi fitowa a fanka da famfo, domin wutar da suke ci tana raguwa fiye da yadda gudunsu yake raguwa: idan aka sauke gudun da kashi 20 cikin ɗari, cin wutar yakan sauko kusan rabi. A wasu kamfanonin casar shinkafa, fankar da ke zuƙe buntu tana gudu da ƙarfinta duka tun safe, sai a toshe rabin bututun don rage iska, wato ana biyan kuɗin iskar da ba a amfana da ita ba. Da wannan na'ura sai a buɗe bututun gaba ɗaya a rage gudun moton. Ga kuma sauƙin tashi, domin moton da aka haɗa kai tsaye yakan ja ninki shida ko bakwai na wutarsa a lokacin kunnawa, abin da ke sa janareta durƙushewa, alhali wannan na'ura tana tayar da shi sannu a hankali. Allonta ma ba ya wahalar saitawa, yana kuma nuna wutar da aka ci.

Sai dai ba kowane inji ne ya cancance ta ba. Injin niƙa ko bel ɗin jigilar kaya da dole ya yi gudu ɗaya duk yini ba zai mayar da kuɗinta ba, duk abin da dillali zai faɗa.

Abin da ya fi bukatar lura shi ne zafi da ƙura. An ƙera ta ne ta ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40, daga nan ƙarfin yana raguwa, kuma kowa ya san bazarar Kano takan wuce haka, balle a ɗakin inji mai rufin kwano. Saboda haka ya kamata a ɗauki wadda ta ɗan fi moton girma. Daga cikin nau'o'in jikin da take zuwa da su akwai IP21 da kuma IP55, wanda ya fi kare ta daga ƙura da ruwa, kuma a wurin da ƙurar shinkafa da hazon hunturu suke haɗuwa, na biyun nake ba da shawarar a saya ko da ya fi tsada, a kuma riƙa share mashigar iskarta a kai a kai.