Baristar da ta yi min rijistar tambarin yajina, ga yadda muka kwashe

Ni dai yaji nake yi, na daddawa da na tafarnuwa da na citta, in zuba a robobi in manna sitika, a haka nake ɗan rufa wa kaina asiri. Wata rana wata kwastoma ta kira ni, tace Hajiya lafiya kuwa yajin nan naki ya koma gishiri zalla? Nace wane yajin, sai ta turo min hoto a WhatsApp, wallahi sai da gabana ya faɗi, kalar sitika iri ɗaya, hoton turmi da taɓarya iri ɗaya, harafi ɗaya kawai aka canza a sunan, kuma ba ni na yi shi ba.

Ƙanwar mijina ce ta haɗa ni da wata barista. Ina zuwa na zaro takardata ta CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni, ina ta cika baki ai ni na yi rijista, matar nan tayi murmushi tace Hajiya wannan sunan kasuwanci kika yi wa rijista, tambari ofishinsa daban ne, yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci da zuba jari. Ashe duk shekarun nan a sake nake zaune ban sani ba.

Gaskiya wajen bayani ba ta da matsala ko kaɗan, da Hausa ta warware min komai. Da farko tayi bincike ko wani ya riga ni sunan, Allah ya taimake ni babu. Tace kaya da ayyuka an kasa su aji 45 ne, yaji yana aji na 30 tare da su zuma, in kuma kilishi zan ƙara wannan aji na 29 ne. Ta kuma ce da sunan nawa irin "Yaji Mai Daɗi" ne da wuya ya wuce, don suna ne da kowa zai iya kiran yajinsa da shi, dole ya zama wanda ya bambanta ki da saura. Bayan ta shigar aka bamu takardar shaidar an karɓa, daga baya ta amincewa ta fito, sai a buga a mujallarsu a bar wata 2 ko akwai mai ƙorafi, in shiru sai satifiket. Na farkon shekara 7 yake yi, bayan nan duk shekara 14 ake sabuntawa. Takardar amincewar nan ma ta min rana lokacin da na je neman lambar NAFDAC don suna tambayar shaidar tambari.

Inda ta ɓata min rai guda biyu ne. Ba ta gaya min tun farko kowane aji kuɗinsa daban ba, sai da na ce a saka min kilishi sannan naji sabon lissafi. Sannan amsa saƙo, hmm, sai ka turo yau ta duba jibi, in ka kira tace Hajiya ina kotu zan neme ki, kuma ba lallai ta neme ka ba. Mai gajen haƙuri zai sha wahala da ita.

Amma ranar da satifiket ya zo hannu ta rubuta wa mutumin da ya kwaikwayi sitikata wasiƙa, ta haɗa da kwafinsa, tace ya cire sitikar ko su haɗu a Babbar Kotun Tarayya. Ko sati biyu ba a yi ba ya aiko wani dattijo bada haƙuri, wai bai san akwai mai sunan ba, alhali har turmina ya kwafa. Yanzu sabbin sitikun da na buga akwai ɗan R ɗin nan a cikin da'ira a gefen sunan, da tace kar in kuskura in saka kafin rijista ta kammala. Zan ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda wayar da ba ta ɗauka.