Jel ɗin SiS GO a doguwar tafiyar keke: ya ci kuɗinsa, ko dabino ya wadatar?

Ƙarewar ƙarfi a kan keke ba ta yin sallama. Mutum yana tafiya lafiya lau, sai kawai feda ta yi nauyi, gwiwa ta yi sanyi, hannu ya fara karkarwa, zufa mai sanyi ta karyo, ido ya riƙa gani dishi-dishi. Wani har fushi yake kama shi ba gaira ba dalili. Sanadin a fili yake. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, shi ne ake kira glaikojin: kusan giram 400 a tsoka, kusan 100 a hanta, in babban mutum ne ya ci ya ƙoshi. Tuƙi mai ƙarfi yana cinye wannan ajiya cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kitse yana nan jibge a jiki, amma ƙona shi a hankali ake yi, ba ya iya riƙe gudu, ita kuma ƙwaƙwalwa sukarin jini ta dogara da shi. Shi ya sa kai ke juyawa tare da ƙafa.

Abin bai bar manya ba. A gasar tseren keke ta Tour de France ta 2013, a hawan dutsen Alpe d'Huez, Chris Froome yana sanye da rigar jagora ƙarfinsa ya fara yankewa, har sai da abokin tuƙinsa Richie Porte ya koma wurin motar ƙungiya ya karɓo masa jel, wato abin ba da kuzari da ake sha daga leda, a wurin da doka ta hana, aka ci tarar kowannensu daƙiƙa 20. Sun gwammace tarar, domin sun san asarar da ta fi ta tana gaba.

Irin wannan jel ne muke dubawa a nan: GO Isotonic na kamfanin Science in Sport (SiS) da ke Ingila. Doguwar leda ce siririya mai mililita 60, a ciki akwai giram 22 na abin ba da kuzari, kalori 87. Asalinsa sitacin masara ne da aka sarrafa, wanda ake kira maltodekstirin, sai ruwa da ɗanɗanon 'ya'yan itace kamar lemo ko tuffa. Babban abin da ya fi sauran da shi, ruwa-ruwa yake. Jel irin na kamfanin GU ƙarami ne, giram 32, amma mai kauri da danƙo, dole a kora shi da ruwa, in ba haka ba ya zauna a ciki ya janyo ruwa daga jiki, sai kumburi da murɗa. Na SiS an riga an tsinka shi daidai yadda hanji zai ɗauka, a yage bakin da haƙori, a matsa daga ƙasa, kurɓa biyu ya wuce. Ga wanda ke haki a tsakiyar tudu, hannu ɗaya a kan kan keke, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Zaƙinsa ma ba ya hawa kai, don sitacin ba shi da zaƙi sosai. An dai ɗan sa masa sinadarin zaƙi wanda ba sukari ba, kuma mai harshe mai kaifi zai ji shi a ƙarshen haɗiya.

Sai dai lissafi yana rage masa kwarjini. Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa suka tsaya a kai ita ce giram 30 zuwa 60 na abin ba da kuzari a kowace awa ga tafiyar da ta wuce awa ɗaya, sannan har giram 90 ga wadda ta haura awa biyu da rabi. Giram 60 a awa yana nufin leda uku. Tafiyar awa huɗu ke nan leda 11 ko 12, sama da rabin lita na kaya a aljihun bayan riga, kuma kowace leda da kuɗin waje aka shigo da ita. Ba kowa zai jure wannan duk mako ba.

Matsala ta biyu ta hanji ce. Ƙofar da gulukos, wato sukarin da sitaci ke komawa a ciki, ke bi ya shiga jini tana cika a wajen giram 60 a awa. Duk abin da aka ƙara daga wannan nau'in sai ya tsaya a hanji, kuma daga nan ne tashin zuciya da zawo ke farawa. Sukarin 'ya'yan itace, wato furuktos, ƙofarsa daban ce, don haka sai an gauraya su biyun ake kaiwa 90. GO nau'i ɗaya ne kawai. Mai neman wuce 60 sai ya koma Beta Fuel na kamfanin SiS ɗin, mai giram 40 a leda, ko Gel 100 na kamfanin Maurten, 'yan Suwidin, mai giram 25, dukansu gauraye ne, dukansu kuma sun fi tsada.

Matsala ta uku ita ta fi shafar mai tuƙi a zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi: gishirin da ke cikin GO na yau da kullum kusan babu ne. Kuma cewa ba ya buƙatar a kora shi da ruwa yana ruɗar wasu su rage shan ruwa. Mililita 60 ba ta mayar da zufar awa guda. Rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, gwargwadon rana, wannan yana nan daram, da jel ko babu.

To dabino fa? Kusan kashi uku cikin huɗu na busasshen dabino sukari ne, kuma gauraye yake tun daga bishiya. Matsakaici guda ɗaya yana ba da wajen giram 5, guda 10 zuwa 12 sun cika awa. Amma a gyara shi tun daga gida: a tsaga, a cire ƙwallon, a duba ko da tsutsa, a zaɓi mai laushi. Busasshen nan mai tauri yana son tauna mai tsawo, kuma tauna da haki ba sa haɗuwa, ƙwarewa ce ƙarshenta. Yana da dusa da yawa kuma, wanda ya dogara da shi kaɗai awa biyar cikinsa zai yi magana. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25, daidai da leda ɗaya, illa tana dagargajewa a aljihu. Nakiya ma tana aiki, shinkafa ce da sukari, ba ta lalacewa. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa da kilishi a bar su sai an sauka, mai da furotin ba sa isa jini a kan lokaci.

Mafi arha duka yana cikin gorar ruwa. Sukarin shayi rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos. A rabin lita na ruwa a zuba cokali uku na cin abinci a shafe, wajen giram 36 ke nan, da gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka, a matse lemon tsami. Kada a ninka sukarin don a rage kaya, ciki zai ƙi. Gora ta biyu a bar ta ruwa zalla.

Tsarin da ke hana ƙarewar ya fara kafin a hau. Awa biyu zuwa uku kafin tashi a ci shinkafa ko taliya, ko koko da burodi, ban da ƙosai da wake da duk abin da aka soya. A kan keke a fara ci tun minti 30 zuwa 45, ba a jiran yunwa, sannan kaɗan-kaɗan kowane minti 20. Awannin farko dabino da ayaba da ruwan sukari. Jel a ajiye shi don wurin da tauna ba ta yiwuwa: minti goma kafin dogon tudu, lokacin da ayari ya ƙara wuta, da awar ƙarshe da baki ya gaji da zaƙi. A wannan matsayi GO ya ci kuɗinsa, leda biyu ko uku sun isa tafiya guda, ɗaya kuma ba a taɓa ta sai ta ɓaci.

In ta riga ta ɓaci, a sauka a inuwa. Leda ɗaya ba ta tayar da wanda ya riga ya ƙare: a sha biyu, ko ɗaya da kwalbar lemo mai sukari daga shagon bakin hanya, a zauna minti 10 zuwa 15, a bi da burodi ko ayaba, sannan a tafi da giyar keke mai sauƙi, don ƙarfin safiya ba zai dawo a ranar ba. Wanda ya sha sukari amma maganarsa ta ci gaba da sarƙewa, ko jikinsa ya yi zafi rau yana tangaɗi, wannan na iya zama bugun zafi, a jiƙa shi da ruwa a nufi asibiti. Mai ciwon sukari kuwa sai ya tsara adadinsa da likitansa tukuna.

Wajen saye a duba ranar lalacewa a jikin kowace leda, domin kayan da suka daɗe a hanya sukan iso da 'yan watanni kaɗan a gabansu. A kuma lura da wanda aka rubuta masa "caffeine", wato sinadarin gahawa, kada a haɗa shi da na yau da kullum a aljihu ɗaya. Ledar farko a gwada ta a gajeriyar fita kusa da gida, ba ranar gasa ba.