Turai da Amurka a kan Google da Facebook: wa ke hukunci, wa ke kallo?

Ɗan uwa, ka tambaya me ya sa kullum sai a ji Tarayyar Turai ta ci Google ko Meta (kamfanin da ya mallaki Facebook) tara, alhali Amurka, inda kamfanonin suka fito, kamar ba ruwanta. Har ka ƙara da cewa ko hassada ce kawai.

Bari mu fara gyara wani abu: Amurka ma tana hukunci. A 2019 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 kan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, kuma Turai ba ta taɓa cin wani kamfani tarar da ta kai haka a kan bayanan jama'a ba. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta a Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ba bisa doka ba. Inda suka rabu shi ne lokacin da kowa ke motsawa. Turai takan rubuta doka tun kafin a yi ɓarna, ta ce ga iyaka. Amurka kuwa sai an yi ɓarnar sannan a garzaya kotu, kuma ita wannan ƙara ta Google tun 2020 aka shigar da ita.

Ɗauki batun bayanan mutum. A Turai akwai doka guda, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 a duk ƙasashen Tarayyar. Kana da ikon tambayar kamfani me ya tara a kanka, ka ce a goge, kuma wanda ya karya dokar ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na duniya a shekara. A Amurka babu irin wannan doka ta tarayya har yau. Akwai ta bayanan lafiya daban, ta yara ƙanana daban, sannan jihohi irin su Kalifoniya suka yi nasu. Tarihi ne ya kawo haka. Bajamushen da ya ga yadda 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, Stasi, suka tara fayil a kan miliyoyin mutane ba zai ɗauki bayanansa a matsayin haja ba. A wurinsa haƙƙi ne. Ba'amurke ya fi kallon abin ta fuskar mai saye da mai sayarwa: in ba a yaudare ka ba, ka yarda da sharuɗɗa ka danna, shi ke nan.

A kan abin da mutane ke wallafawa, tazarar ta fi haka. Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tsoma baki a yawancin kalamai, kuma Sashe na 230 na wata doka ta 1996 ya kare kamfanoni daga ɗaukar laifin abin da masu amfani suka rubuta. A Jamus musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa laifi ne, kuma dokar Tarayyar Turai kan shafukan intanet, DSA, ta 2022 ta ɗora wa manyan shafuka nauyin samar da hanyar kai ƙara da cire abin da ya saɓa doka.

Amma inda suka fi yin karo, kuma wanda ya fi ba ni sha'awa, shi ne tsallakar da bayanan mutanen Turai zuwa Amurka. Tun 2000 akwai yarjejeniyar Safe Harbor da ta halatta hakan. Da Edward Snowden ya tona asirin leƙen da hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, ke yi a 2013, sai wani matashi ɗan Ostiriya, Max Schrems, ya kai ƙorafi a Ireland, inda ofishin Facebook na Turai yake. Kotun Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar a 2015. Aka ƙulla wata, Privacy Shield, a 2016. Kotun ta sake rushe ta a 2020, kuma dai saboda Schrems. A Mayun 2023 Ireland ta ci Meta tarar Yuro biliyan 1.2 kan wannan tsallakarwa, bayan wata biyu kuma aka amince da yarjejeniya ta uku. Ka lura, a nan ba kamfani ne ainihin wanda ake tuhuma ba. Dokar leƙen asirin Amurka ce, wadda ba ta ba baƙo kariyar da take ba ɗan ƙasa.

Yanzu batun hassada. A ganina ba za a wanke Turai tas ba. Ba ta da nata Google, ba ta da nata Apple, kuma tsaurara doka a kan kamfanin wani ya fi sauƙi. Da Faransa ta saka harajin kashi 3 cikin 100 kan manyan kamfanonin intanet a 2019, Amurka ta mayar da martani da barazanar haraji a kan kayan Faransa. A Afrilun 2025 an ci Apple tarar Yuro miliyan 500, Meta miliyan 200, ƙarƙashin DMA, dokar Turai ta hana manyan kamfanonin intanet babakere, gwamnatin Trump kuma ta ɗauke shi a matsayin tatsar kamfanonin Amurka. Sai dai mai rumfa a kasuwar wani gari dole ya bi dokar sarkin kasuwar, kuma kasuwar mutum kusan miliyan 450 ba ta baruwa. Shi ya sa da Turai ta yi dokar wajabta cajar USB-C, Apple ya koma mata tun daga iPhone 15, ba a Turai kaɗai ba, har wadda ake sayarwa a Farm Centre a Kano.

Mu ma tafarkin Turai muka fi bi. Dokar kare bayanai da Najeriya ta yi a 2023 ta yi kama da GDPR ƙwarai, kuma a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220.