Wata shida na SIWES a ƙaramin filin jirgin sama: ya ci a je?

Idan lokacin SIWES, wato shirin sanin makamar aiki na ɗalibai, ya zo, ɗaliban da ke sha'awar harkar jiragen sama Kano da Abuja suke nufa da takardunsu, can kuma cunkoson yake. Ƙananan filaye irin na Dutse, Birnin Kebbi, Gombe da Bauci, waɗanda gwamnatocin jihohi suka gina, ba a cika waiwayarsu ba.  Ga wanda yake son koyon yadda ake tafiyar da filin jirgi, ƙaramin fili ya fi babba koyarwa, amma da sharaɗi ɗaya: sai an zagaya da ɗalibi sassa. In ba haka ba, wata shidan zai ƙare ne a bakin injin fotokwafi.

Tsarin shiga ba shi da wuya. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ce ta kafa SIWES a 1973, ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin fasaha wata huɗu. Za ka kai wasiƙar makaranta ofishin manajan fili, a karɓe ka, ka cike fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF na yankin. Inda ake tuntuɓe shi ne katin shiga. Filin jirgi kashi biyu ne: ɓangaren jama'a, da ɓangaren da jirgi yake, wanda ba a shiga sai da katin da jami'an tsaron fili suka bayar bayan bincike. Wanda bai nemi katin nan a makon farko ba, sai ya wayi gari wata biyu sun wuce bai taka farfajiyar jirage ba. Ka tanadi hotuna, rigar ƙyalli, takalmi mai ƙarfen baki da abin toshe kunne tun daga gida, domin ba ko'ina ake ba ɗalibai ba.

Abu na farko da ɗalibi zai gane shi ne fili ɗaya ne, amma masu shi da yawa. Kula da gini, titi, wuta da kashe gobara aikin mai filin ne, hukumar filayen jiragen sama ta tarayya (FAAN) ko gwamnatin jiha. Hasumiyar ba jirage umarni da na'urorin jagorar jirgi na hukumar kula da sararin samaniya (NAMA) ne, yanayi na hukumar hasashen yanayi (NiMet), sa ido da bayar da lasisi na hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA). A babban fili kowanne yana ginin kansa, sai ka yi wata ba ka san fuskar na kusa ba. A ƙaramin fili kuwa duk a masallaci ɗaya ake azahar, tambayar da za ta ci wasiƙa uku a Abuja a nan a gindin bishiya ake amsa ta.

Mafi daraja a cikin horon nan shi ne duba titin jirgi da sassafe. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce titin da manyan jirage ke sauka a duba shi aƙalla sau biyu a rana. Ana shiga mota mai fitila a ka, a kira hasumiya ta oba-oba a nemi izini, a maimaita abin da aka faɗa kalma da kalma, sannan a tsallake layin tsayawa, wato layuka huɗu rawaya, biyu a miƙe biyu a tsittsinke. Ana tafiya a hankali, ido a ƙasa. Noti, guntun waya, tsakuwar da ta ɓantare daga kwalta, ledar ruwa da iska ta kwaso, duk abin tsinta ne, a rubuta inda aka gan shi. Wanda ya ga abin kamar wasa a tuna masa jirgin Concorde da ya faɗi a Faris ranar 25 ga Yuli, 2000: guntun ƙarfe ne da ya faɗo daga wani jirgi ya fasa masa taya, mutum 113 suka mutu. A zagayen nan ne ɗalibi zai san farin fenti na titin sauka ne, rawaya na hanyar kewaya, fitilun gefen titi farare, na hanyar kewaya shuɗi, koraye a bakin shiga, jajaye a ƙarshe. Zai kuma san lambar da ke bakin titi, kamar 05 da 23, alkibla ce aka yanke mata sifili, shi ya sa tsakaninsu kullum 18 ne. Da damina ana ƙara awon ruwa: in ya kwanta ya wuce milimita 3, dole a sanar da matuƙa, domin taya na iya sulɓi a kansa.

Sashen kwana-kwana ma makaranta ne, in aka samu shugaba mai son koyarwa. Darajar fili wajen kashe gobara daga 1 zuwa 10 take, kuma tsawon jirgi da faɗinsa ne ke yanke ta. Boeing 737-800 yana buƙatar mataki na 7: mota biyu aƙalla, da ruwa lita 12,100 in kumfar matsakaiciya ce. Daga kira zuwa fara fesa kumfa a ko'ina a kan titi kada ya wuce minti 3. Idan mota ɗaya ta lalace, darajar fili ta sauka nan take, a fitar da sanarwar NOTAM ga matuƙa, jirgin da ya fi ƙarfin matakin kuma ya nemi wani wuri. A nan ɗalibin gudanarwa zai ga da idonsa yadda jinkirin sa hannu a takardar sayen batir ko taya yake hana jirgi sauka.

Sai tsuntsaye da dabbobi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin aiki ba ne. Ciyawa in an aske ta ƙwal tsuntsu ya sauka ya yi kiwo, in an bar ta ta yi tsawo ɓera da maciji su shiga, shaho ya biyo su. Shi ya sa ake barinta tsakanin santimita 15 zuwa 20. Ƙona ta kuwa gayyatar shirwa ce, don hayaƙi take bi ta kama farar da wuta ta tayar. Balbela shanu take bi, shanu kuma ɓarakar waya suke bi, saboda haka zagayen shinge ba a wasa da shi. Juji ko mayanka a cikin kilomita 13 daga fili abin damuwa ne, kuma gyaransa ba a hannun manaja kaɗai yake ba, sai ya zauna da ƙaramar hukuma da masu unguwanni. Wannan zaman sulhu da maƙwabta ba a koyar da shi a aji, a ƙaramin fili kuwa har ɗalibi akan ce ya zo ya riƙe takarda ya rubuta abin da aka tattauna.

Raunin wurin a bayyane yake: jirage kaɗan ne. Wani filin jirgi ɗaya ko biyu ke sauka a yini, wasu ranakun ba ko ɗaya, da yawa kuma da faɗuwar rana ake rufewa. Da hunturu, hazo kan rage nisan gani ƙasa da abin da na'urorin filin suka yarda a sauka da shi, sai a soke tashi kwana da kwanaki. Saboda haka abin da ya shafi cunkoson fasinja, rabon wurin tsayawar jirage da sauke kaya masu yawa, ba za a koye shi da kyau a nan ba. Ɓangaren kuɗi ma ɗan taƙaitacce ne: kuɗin sauka da kwanan jirgi, kuɗin fasinja, kuɗin ƙofar mota da hayar shaguna, mako biyu sun isa a fahimce su. Amma ko wannan yana da darasi, domin a nan ake ganin abin da fili ke samu bai kai kuɗin gas ɗin janareta da albashi ba, dole sai an jira gwamnati.

Rauni na biyu shi ne rashin tsari. Wurare da dama ba su da rubutaccen jadawalin ɗalibai, sai a ajiye mutum inda ake da kujera. Maganinsa ɗalibi ya zo da nasa, cikin ladabi ya nuna wa mai kula da shi: mako shida a sashen ayyukan fili, huɗu a kwana-kwana, huɗu a wutar lantarki, uku a tsaro, uku a kasuwanci, sauran a raba tsakanin hasumiya da ofishin yanayi in sun yarda. Kada a raina sashen lantarki. A can ake gwada ko janareta zai ɗauki fitilun titi cikin daƙiƙa 15 bayan ɗaukewar wuta, a can kuma ake saita fitilun PAPI guda huɗu da ke gefen titi, waɗanda in matuƙi ya ga biyu farare biyu ja ya san yana kan gangaren da ya dace. Littafin rahoto kuma a daina cika shi da "na yi aikin ofis". A rubuta lokaci, wuri, abin da aka gani da wanda aka kai wa rahoto, yadda ma'aikatan kansu ke yi.

Batun aljihu a shirya masa. Filayen nan a bayan gari suke, motar haya ba ta cika zuwa ba, alawus kuma kada a dogara da shi wajen kuɗin mota. A tambayi motar ma'aikata tun ranar farko.

Wanda yake da zaɓin lokaci ya yi ƙoƙari horonsa ya haɗu da jigilar alhazai, in filin yana cikin waɗanda ake tashi daga gare su. A makonnin nan filin da ya saba da fasinja hamsin yakan karɓi ɗaruruwa a dare ɗaya, babban jirgi ya buƙaci mataki na 8 ko na 9 na kashe gobara, a aro motoci da ma'aikata daga wani filin, a yi ta daidaita sansanin alhazai da awon kaya da jami'an shige da fice. Hannu ba ya isa a lokacin, don haka ɗalibin da aka riga aka san shi da zuwa da wuri shi ake miƙa wa oba-oba a ce ya tsaya a ƙofar fita.