Sabunta Lasisin Tuƙi a Saudiyya: Absher ko Ofishin Murur?

Ko ta Absher (manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya ta intanet) mutum zai bi ko ofishin Murur (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa) zai je, sharuɗɗan ɗaya ne: gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi, biyan tarar da ake binsa, da kuɗin sabuntawa ta SADAD (tsarin biyan kuɗi ta banki), wato riyal 400 na shekara 10 ga motar gida.

Absher ta fi sauƙi, domin mutum yana zaune a ɗakinsa a Jidda zai kammala, gidan waya ya kawo masa katin. Ofis kuwa yana cin lokaci, kuma galibi sai an nemi ranar ganawa ta Absher ɗin, amma can ne ake warware matsala idan bayanan iƙama (katin izinin zama a ƙasar) suka saɓa da na lasisi.