Hannu na biyu ko kuɗin PS Plus?

Ɗan'uwa, tunda ɗaya kuɗinka za su iya, ko hannu na biyu (wato ƙarin abin riƙewa a buga gem a PlayStation) ko rajistar PS Plus (wadda ake biya don buga gem da mutane a onlayin), ni dai hannu zan ce ka saya.

PS4 ɗina tokumbo ce, da hannu biyu ta zo min. A zauren gidanmu nake jona ta bayan sallar isha'i. Mu bakwai ne, wani lokacin takwas, a kan darduma ɗaya, ƙa'idar kuma irin ta gidan gem ce tun zamanin gem ɗin ƙwallo na PES 6 a PS2: wanda aka ci ya miƙa hannu. Akwai wani abokinmu da in an zura masa ƙwallo sai ya kife hannun a cinyarsa ya ce maɓallin X ya maƙale, yaron da ke dafa mana shayi ya yi ta dariya har ya kusa ɓarar da buta. In an ɗauke wuta, karo-karo muke yi a sayo man janareta. Wallahi har yau ina kewar wannan zaman.

Daga 2019 da Call of Duty Mobile ta fito, ga PUBG da Free Fire, duk gem na waya, zauren ya fara raguwa. Kowa yana ɗakinsa da abin saurare a kunne, ana ihu da juna amma ba a ganin juna. Ko an haɗu a majalisa, kai a sunkuye kan waya.

PS Plus kuwa na taɓa biyan shekara guda. Yana aiki, in kana da intanet mai ƙarfi. Nawa sabis ɗin, ɗan wasa na danna pas sai ya sanƙare, data kuma ta tafi. In ma onlayin ɗin kake so, eFootball kyauta ce tun 2021 da ta gaji PES, ba ta neman PS Plus.

Ka kula da masu sayarwa. Hannun jabu ya cika kasuwa, kwalinsa kamar na asali, sai dai ba nauyi, wata biyu analog, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, ya fara tafiya da kansa. Je da na'urarka ka gwada a gabansa. Kada kuma ka yarda da masu tallan asusun PlayStation (PSN) mai araha a WhatsApp, mutum biyar suke sayar wa asusu ɗaya, su canja fasuwod.

Sayi hannun, ka kira abokanka ranar Juma'a da daddare.